Jar Kular Kawu Ishaku

Duk wanda ya san Kawu Ishaku ya san ba ya gaida mutum shi kaɗai. Sai ya gama "ina kwana, ina gajiya," sannan ya dubi cikinka ya ce, "Ya mutanen ciki?" Ko fasto bai ƙyale ba. Wai kowannenmu gari ne guda, cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani, wato bakteriya, kuma rashin tarbiyya ne ka gaida mai gida ka tsallake jama'arsa.

Ni Saratu, 'yar ƙanwarsa, na fi kowa shan wannan karatu. Ya yi koyarwa da bincike a jami'ar da ke Samaru har ya yi ritaya, bai yi aure ba, bai ajiye ko kyanwa ba. Binciken fa? Tsintar kashin ɓera! Yana da bakteriya iri biyu. Na farko yadda Allah ya yi su, ya sa musu suna Masu Haƙuri. Na biyu ya cire musu wani abu a halittarsu, abin da ke farkawa ya kare su in wuya ta zo, su ne Marasa Haƙuri. Sai ya ɗura wa ɓerayen gwaji, ya zauna duba wa zai jure tsamin ciki da ɗacin matsarmama har ya samu wurin zama a hanji. Masu Haƙuri su zauna su hayayyafa. Marasa Haƙuri kuwa kwana kaɗan ka neme su ka rasa.

Ranar bikin 'yata aka yi gangancin miƙa masa makirufo ya yi nasiha. Ya gyara murya ya ce, "Amarya, gidan miji hanji ne." Ya ƙara da cewa, "Akwai tsami, akwai ɗaci, kuma za ki tarar waɗansu sun riga ki zama."

Uwar ango ta ajiye cokali ta ce, "Dakta, mu ne ƙwayoyin ke nan?"

"Ke ce babbarsu, Mama. Amma irin masu amfani."

Har yau matar nan ba ta yanke shawarar ko zagi ne ko yabo ba.

Wata rana ya kama ni a kemis ina sayen ja-da-yalo, kafson nan mai kashe ƙwayoyin cuta, saboda 'yar murɗar ciki. Ya fizge maganin a gaban jama'a. "Likita ya rubuta miki? Ɓarawo ɗaya ya shigo, za ki ƙone unguwa duka!" Mai kemis ya ce, "Baba, kasuwa fa muke yi." Kawu ya dubi tumbinsa ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri da shi."

Amma abin da 'yan Sabon Gari suka fi saninsa da shi, jar kular nan ce. Da ya bar aiki, ya kwaso bakteriyarsa a 'yan mitsi-mitsin kwalabe ya adana a firizar gidansa a Hanwa. Da an ɗauke wuta sai ga shi bisa acaɓa, rungume da kula, ya nufo shagona a Sabon Gari inda nake sayar da daskararren kifi, don ina da janareta.

"Saratu, buɗe firiza, baƙi sun iso!"

"Haba Kawu, kusa da kifin mutane?"

"An toshe su, an naɗe. Kuma kifinki ya taɓa zuwa jami'a?"

Ba zai tafi ya bar su ba. Ya zauna a benci har la'asar, yana tsoma baki a ciniki, ya ci abincina ya kushe gishirin. Wata rana ya iso alhali ko'ina da wuta. Na ce, "Kawu, ai akwai wuta a Hanwa." Ya ce, "Tana rawa."

Da ya rasu, kwalaben suna firizata. Hankalina ya tashi, aikin rayuwar mutum guda a hannun mai kifi! Da tsohuwar ɗalibarsa, Dakta Hajara, ta zo ta'aziyya, na ja ta gefe na ce ta kwashe su kada su mutu a hannuna.

Ta ce, "Anti, ai sun daɗe da mutuwa. Sanyin firizar gida ba ya riƙe su, ga yawon acaɓa. Na gwada masa shekarun baya, ko ɗaya bai tsiro ba. Na kuwa gaya masa."

"Me ya ce?"

"Ya ce kada ki ji. Wai in babu su, da wane dalili zai riƙa zuwa wurinki kullum?"

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuka ya karɓa. Kai, Kawu! Gidan 'yarka ne fa. Yanzu shagon nan cike yake da mutane, amma kewa ta ishe ni.

Ubangiji Allah ya gafarta maka, ya karɓe ka a inda ba sai ka nemi dalilin zuwa ba. Amin.