Katin Girafik a Hannun Mai Walda

Jama'a, yau saura ƙiris in suma a kasuwar Rogo!

Kun tuna katin girafik ɗin nan mai sarrafa hoto da na daɗe ina zaɓe don kwamfutar wasan gem ɗina? Kuka ce in ɗauki mai fanka biyu, na ƙi, na ɗauko mai uku. Yau ya iso daga Kano. Na zo sawa, ya ƙi shiga! Ya fi akwatin kwamfutar tsawo.

Na kwashi duka biyun sai wajen Baba Sale mai walda. Na ce, "Baba, wurin ne ya yi kaɗan, a rage min." Ya ce, "Ajiye, ɗana." Na koma gefe ina amsa waya.

Ina waiwayowa, wallahi katin ne ɗaure a teburinsa, ya ja masa layi da alli, injin yanka yana kuka a hannunsa!

Na ƙwalla, "Baba, akwatin za a yanka!"

Ina! Ƙarar inji ta hana shi ji. Na yo kansa a guje. Saura kamar tsinke ya taɓa katin, sai ɗif, aka ɗauke wuta!

Baba ya ɗago ya ce, "Kai, ɗana, yau ba ka da sa'a. Ka dawo gobe."