Ban Haƙurin da Inna Ta Aika Kanada

Ina tsaye a kasuwar hatsi ta Kaura Namoda, ana zuba mini gero a buhu, bidiyon ya shigo wayata. Ƙanena ne ya turo. Shi tun da ya tafi Kanada karatu bai dawo da zama ba. Can ya yi aure, can aka haifa masa ɗa. Wannan ɗan kuwa ya girma ya rasa sana'ar da zai kama duk faɗin duniya sai wasan hoki na kan ƙanƙara, kuma wai har biyansa ake yi.

Ni dai ban taɓa gane wasan nan ba, kuma na yi ƙoƙari. Ƙarti ne ke sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, su yi ta sulɓi a kan ƙanƙara da sanduna masu lanƙwasa, suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da idona bai taɓa kama shi ba. A bidiyon da aka sha turo mini a baya na ga ɗan ƙanen nawa ya yar da sanda, ya cire safar hannu, sun naushi juna shi da wani har jini, alƙalan wasa na tsaye suna kallo kamar an gayyace su. Da suka gaji aka kai kowa wani ɗan ɗaki na gilashi ya zauna minti biyar, ya sha ruwa, ya dawo. Jama'a kuwa sai tafi.

A wannan bidiyon babu naushi. Wani ɗan wasa ne ya juya baya yana neman faifan a jikin bango. Sai ga namu ya taho a guje ya ɗaga kafaɗa ya same shi a kai. Kan ya bugi gilashin bangon, mutumin ya zube, ƙafarsa ɗaya ta ɗan motsa, shi ke nan. A kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da shi. Na saki bakin buhun, har mai awo ya tambaye ni ko lafiya.

Da ƙanena ya kira ya ce hukumar wasan ta dakatar da yaron wasanni da dama, ta kuma ci shi tara. Na ce to waccan ranar da ya fasa wa mutum hanci fa? Ya ce ai wannan faɗa ne gaba da gaba, akwai hukuncinsa, ƙarami ne. Na ce wannan kuma? Ya ce wannan mugun bugu ne, a kai, mutum bai gani ba. Har na fara gyaɗa kai, sai ya ƙara da cewa shi wanda aka buge ɗin ya taɓa ji wa gwanin kulob ɗin namu ciwo a wani wasa, don haka kowa ya san sai an rama, kuma ramawar aikin yaronmu ce. Kocinsu ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce ba za su lamunci irin wannan ba. A ɗakin canza kaya kuma abokan wasa sun yi ta dafa masa kafaɗa.

Na ce, "Tsaya. Laifi ya yi ko aiki?"

Sai ya ce, "Yaya, don Allah kada dai Inna ta ji."

Inna, mahaifiyarmu, tana Zurmi, ta ƙi barin gidan da aka kawo ta tun tana yarinya. Duk Juma'a nakan je gaishe ta idan hanya ta yi kyau, kuma da wayata jikan nata yake kiranta. Hausarsa a karye take, ita kuma ba ta jin ko gaisuwa da Turanci, amma sai su yi ta hira, tana tsokanarsa da mai gidana, yana ce mata amarya. Ban san abin da take jira a mako kamar wannan kiran ba.

Ban gaya mata ba. Ƙanwarmu da ke aure a Shinkafi ce ta riga ni, don ita magana ba ta kwana a cikinta. Ina shiga na tarar Inna zaune a tabarma ta ajiye tsintar wake gefe.

"Nuna man," ta ce.

Ta kalla, ta sa na maimaita. Na shirya bayanin dakatarwa da tara da duk abin da ni kaina ban gane ba, amma ba ta tambayi ko ɗaya ba.

"Wanga da yaf faɗi, ɗan wa ne?"

Na ce ban sani ba, wani Bature ne.

"Bature ba ya da uwa? Wa yat tahi gaishe su?"

Na ce ai Inna can ba haka ake yi ba, hukuma ta riga ta yi hukunci.

"Hukuma ta haihe shi? An zubar da ɗan mutane ƙasa, kuma ba wanda yat taka ƙahwa yab ba su haƙuri? Daga gidan ga?"

A gidanmu abin da aka sani ke nan. Ƙanena ma yana yaro ya taɓa fasa wa ɗan maƙwabta kai da dutse wajen korar tsuntsaye a gonar gero, Inna ta ja shi da kunne har gaban uwar yaron, ta sa ya durƙusa, ta kuma yi ta kai musu kunu har ciwon ya warke. Da wayata ta yi ƙara a wannan Juma'ar, sunan jikanta ya fito, sai ta juya fuska bango. Ta ce in gaya masa ba ta da magana da shi sai ya je da ƙafarsa ya nemi gafarar mutumin.

Haka na zama ɗan aike tsakanin Zurmi da Kanada a kan wasan da ban san ko mutum nawa ke yinsa ba.

Yaron ya ce, "Baffa, na ba da haƙuri ai." Ashe mutanen kulob ne suka rubuta masa wasu kalmomi ya karanta a gaban kyamara. Na kai wa Inna wannan, ta ce ita ba ta aike shi wajen kyamara ba. Na koma masa. Sai ya fito mini da wata sabuwa: kulob ɗin ya ɗaukaka ƙara don a rage dakatarwar, kuma an gargaɗe shi kada ya je wurin mutumin, kada ya kira shi, don zuwa tamkar amsa laifi ne. In ya saɓa, kulob ɗin da kansa zai hukunta shi, wataƙila ma ya rasa gurbinsa. Wato mutanen da suka ce ya yi laifi a gaban 'yan jarida su ne suke cewa bai yi ba a gaban hukuma, su ne kuma za su hore shi in ya yarda ya yi. Na cire hula na sosa kai. Wallahi na ji haushi, kuma ban san wa zan ji wa ba.

Na je Shinkafi ranar kasuwa na sami kawunmu, ƙanen Inna, a kara wajen shanunsa, ko zai taya ni lallashinta. Ya kalli bidiyon yana taunar goro.

"Wanga ai dambe na," ya ce. "Ka taɓa ganin ɗan dambe ya kada mutum, ya bi shi gida da ban haƙuri? Kowa da ƙahwatai ya shiga hili. Yayata rigima gare ta."

Maganar ta zauna mini, har na ji sauƙi. Na ɗauke ta da zafinta na kai Zurmi. Inna ta saurara har na gama.

"Ɗan dambe ta baya shika bugu?"

Na dawo Kaura a bayan babur ina jin kowa ya fi ni gaskiya. In ina gaban kawu, kawu ne daidai. In ƙanena ya kira yana cewa za a kashe wa yaro sana'a saboda tsohuwar da ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin kular mai sayar da zoɓo, sai in ji tausayinsa. In na zauna gaban Inna kuma, duk sai su watse.

Juma'o'i suka yi ta wucewa. Yaron bai fasa kira ba, ita ba ta fasa juya fuska ba. Amma ina ganin yadda take bin wayar da ido in ta daina ƙara. Ta rame. Ƙanwarmu ta ce ko furar da take so ba ta shanyewa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne shekarunta. Na yi ta tunanin kada Allah Ya yi ikonSa a kanta suna cikin wannan hali, yaron ya rayu da shi.

Wata safiya yaron ya kira ni da kansa, muryarsa a dushe. Ya ce ya je. Bai gaya wa kulob ba, bai gaya wa ubansa ba, ya tuƙa mota zuwa garin mutumin. Matar mutumin ce ta buɗe ƙofa, ta daɗe tana kallonsa kafin ta matsa. Ya tarar da shi a ɗaki an saki labule ko'ina, don haske na sa masa ciwon kai. 'Yarsu ƙarama tana ta leƙowa, an hana ta yin hayaniya.

Na ce, "To, ka roƙe shi?"

"Na roƙe shi, Baffa."

"Ya yafe?"

Ya ce mutumin bai tuna komai na ranar ba, ko shigarsa fili. A waya ya ga abin kamar kowa, kuma in yana kallo ji yake wani ne daban ya faɗi. Mutumin ya ce masa ba ya jin haushi, ba ya kuma jin ya yafe, don bai san abin da aka ɗauke masa ba tukuna; likitoci ba su ce zai koma wasa ba, ba su ce ba zai koma ba. Ya ce in ya sani zai gaya masa. Daga nan ya nemi yaron ya tafi, don magana na gajiyar da shi.

Kulob kuwa da labari ya kai musu suka janye ƙarar, suka ce ko dakatarwar ta ƙare benci zai zauna, ba zai buga wasa ba sai sun ga dama.

Ban jira Juma'a ba. Na tafi Zurmi ina ta juya yadda zan faɗa, don ban san ko albishir na ɗauko ba ko akasinsa. Na zayyana wa Inna komai yadda aka gaya mini, ban ƙara ba ban rage ba. Ta tambaye ni ko an yafe, na ce wallahi Inna ban sani ba.

Sai ta miƙo hannu. "Kira man shi."

Yana ɗauka ta ce, "Ka gane shi da idonka?"

"Na gan shi, Kaka."

"Ƙaƙa jikin nai?"

Ya buɗe baki, Hausar ta ƙi zuwa. Sai ya fashe da kuka, ƙato da shi, yana ta zuba Turanci. Inna ta riƙe wayar da hannu biyu kusa da fuskarta tana cewa na'am, na'am, kamar tana jin kowace kalma. Ba ta ce ya yi shiru ba. Ni ma na kau da kai, don idona ya cika.

Da ya lafa ta goge fuskarta da bakin zane.

"Allah Shi yi maka albarka," ta ce. "Sati mai zuwa ka koma. Kak ka tahi hannu sake, ka riƙa ma ɗiyar wani abu."