Kakata Ba Duba Take Yi Ba

Jiya ina gyaran ɗaki wani tsohon gwangwanin madara ya faɗo daga saman sif, ƙwallayen dabino suka watse a ƙasa. Ƙarar kawai na ji, raina ya ɓaci kamar yau abin ya faru. Bari in gaya maka dalili.

A gidanmu na Ƙofar Durbi kakata ta wajen uba ɗinkin hula take yi. Zane biyu ta iya, babba da ƙarami. Babban yana cin ƙullin jan zare biyu da baƙi ɗaya, ƙaramin kuma ja ɗaya da baƙi uku. Ita kuwa ta tsani zare ya yi saura. Idan azumi ya matso, masu hula suka aiko da zare, sai ta ja tabarma gindin darbejiya, ta share ƙasa da tafin hannu, ta zana gida shida, uku sama uku ƙasa. Layin sama na ja ne, na ƙasa na baƙi.

Na tuna ranar da aka kawo ja takwas, baƙi tara. Ina shekara tara, ina gefenta ina tsotsar tsamiya. A sama ta jera ƙwallo biyu, ɗaya, takwas. A ƙasa ɗaya, uku, tara. Ta ninka na ƙasa ya koma biyu, shida, sha takwas, sannan ta ɗebe na sama daga ciki. Gidan farko ya zama wayam, saura biyar da goma.

"Ƙawata, biyar nawa ke cikin goma?"

Na ce biyu.

"To ƙarama biyu, babba uku. Ko zare ɗaya ba ya saura."

Tana rufe baki baffana, ƙanen babanmu, ya shigo. A kwanakin ne ya fara zama a wani karatun addini, kuma tun daga nan komai na gidan ya zama abin tuhuma a wurinsa, har tuwo sai ya yi masa kallon zargi. Ya tsaya a kanmu, ya dubi layukan.

"Inna, mi nike gani haka? Bugun ƙasa cikin gidanmu?"

Ta ce, "Lissahin zare ne, zamna in nuna maka."

Bai zauna ba. Ya sa takalmi ya shafe zanen, ƙwallayen suka tarwatse har bakin rariya, yana ta salati da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Kuma sun ji. Babanmu yana zaure, komai a kunnensa, amma bai ko ɗaga labule ba. Har gobe ina jin haushin wannan shirun fiye da ihun.

Kafin sallah magana ta zagaye unguwa, wai tsohuwar gidan nan duba take yi. Masu hula biyu suka aiko a karɓe zarensu. Abin da ya fi ci mata rai, wata mata ta lallaɓo da goro tana so a duba mata ko mijinta zai dawo daga Kudu. Kakata ta raka ta har zaure, ta dawo ta miƙa mini gwangwanin ƙwallayen ta ce in kai bola. Ban kai ba. Kakata da ba ta taɓa barin sallar walaha ta wuce ta ba, da wannan sunan na mai duba ta koma ga Allah bayan damina biyu.

Ina aji biyar na sakandare malamin lissafi ya zana baka biyu a allo, ya jera lambobi layi-layi, ya ce sunan wannan matiriks. Ya ninka layin ƙasa, ya ɗebe na sama, sifili ya fito a gidan farko. Na kifa kai a benci na yi ta kuka. Ya ɗauka lissafin ne ya gagare ni, har yana lallashina wai da wuya a farko.

Yanzu ni ke koyar da shi. An sare darbejiyar, an shafe tsakar gidan da siminti, babu ƙasar da za a yi zane. Baffa ya tsufa, ya yi laushi, autarsa ma a ajina take. Ran nan na je gaishe shi, ya jawo littafinta yana nuna wa baƙi, yana cewa su ga irin karatun da 'yarsa ke yi. Na karɓa na buɗe masa shafin, na ce, "Baffa, ka gane wannan? Shi ka shafe da takalmi."

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Allah Ya jiƙan Inna. Lokacin ba mu sani ba."

Na amsa da amin, don ba a yi mini tarbiyyar musu da manya ba. Amma rashin sani bai taɓa ba ni haushi ba. Ta ce masa ya zauna ta nuna masa, da kunnena na ji.

Na tsince ƙwallayen jiya, na mayar cikin gwangwani. Gobe da su zan shiga aji, mu fita waje mu zana gida shida a ƙasa. Autar baffa zan fara kira, in ce mata ta zauna.