Ranar Da Kwamfuta Ta Hana Mahaifiyata Izini

Shekarun baya, ana gab da tafiyata bautar ƙasa, na ɗauko tsohuwar kwamfutar marigayi mahaifina na sa mata Linux, wata manhajar sarrafa kwamfuta mara nauyi, don tsufa ya hana ta ɗaukar abu mai nauyi. A cikinta akwai hotunansa da muryarsa, yana hira da abokansa 'yan kifi na Baga Road. Kullum ni nake kunna wa mahaifiyata. Burina in na tafi ta riƙa kunnawa da kanta.

Na buɗe mata wurin shiga da sunanta, irin na gama-gari wanda ba shi da ikon goge kayan da ba nasa ba. Washegari na zaunar da ita a falonmu na unguwar Lamisula a Maiduguri, ga abokina a gefe, ina ta cika baki kamar ni na ƙera injin. Na rubuta startx, umarnin da ke buɗe allon hotuna. Allo ya yi baƙi ƙirin, sai fararen rubutu. Abin haushi, in na shiga a matsayin root, wato mai gidan kwamfutar, lafiya lau take buɗewa.

"Me ta ce?" in ji mahaifiyata.

"Mama, wai ba ki da izini."

Ta sauke tabarau. "Izini? A kan kayan mijina? Tambaye ta, a ɗakin wa take kwana?"

Abokina ya raɗa mini, "Ka ba ta root kawai ka huta." Na ƙi. Na san yatsan mahaifiyata, ta taɓa share lambobin wayarta kaf tana neman tocila. Root ba a hana shi komai, kuskure ɗaya muryar Baba ta tafi har abada.

Na duƙufa, gumi na karyo mini. Can na leƙa ma'ajinta, wanda kwamfutar da kanta take kira gida, na tarar da wani ɓoyayyen fayil mai suna .Xauthority. Shi ne makullin allon, amma sunan root ne a kansa. Abokina ya hau sosa ƙeya, ashe jiya ya gwada wurin nata da ikon root, shi ya sa makullin ya koma sunan root. Gida nata, makulli a hannun wani!

Da umarnin chown, wanda ke sauya mamallakin fayil, na mayar da fayil ɗin sunanta, na sake rubuta startx. Allo ya ƙifta, sai ga allon hotuna ya buɗe, kibiyar linzamin kwamfuta ta fito. Ihun da na yi sai da maƙwabciyarmu ta leƙo tana tambayar lafiya.

Mahaifiyata ta danna fayil ɗin muryar da kanta, dariyar Baba ta cika falon. Ta goge ido ta yi mini sannu da Barbarci ta ce, "Wushe, ɗan nan. To tashi ka ba ni wuri."

Har yau in na tuna sai daɗi ya cika ni. Tun daga ranar, in na'ura ta ce babu izini ba na ɓalle ƙofa, sai in duba sunan wa ke kan makullin. Na yi bautar ƙasata na dawo, ba ta taɓa kirana a kan kwamfutar nan ba. Bayan la'asar ita da mijinta suke hirarsu, ba sa neman izinin kowa.