Fatar da Aka Kai Yamai

A shekarar da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, ƙafafun 'yata suka fara ƙin ɗaukarta. Tana da shekara tara. Maƙwabta suka ce tamowa ce, amma ni na san ba yunwa ba ce, don tukunyarmu ba ta taɓa kwana a kife ba. Haka wanta ya fara: tuntuɓe a fili, sai rarrafe, sai muka wayi gari an kai shi makwancinsa.

Na goya ta zuwa asibiti, inda mata daga Dogo da Damagaram Takaya suka yi layi da yara ramammu. Wata likita da ta zo daga Yamai ta buga mata ƙaramar guduma a gwiwa. Ƙafar ba ta motsa ba. Ta tambaye ni ko ni da maigidana dangi ne. Na ce ɗan wan babana ne.

"Ciwon a jijiya yake, Hajiya, kuma gadonsa ta yi," in ji ta. "Ina roƙon ki ba ni fatar hannunta, kamar ƙwayar dawa."

Ta yi mini bayani a hankali. Za a sa fatar a faranti na gilashi, cikin wani ruwa ja mai abinci, a akwati mai ɗumin jikin mutum, har ta yi ta hayayyafa. Sannan a ɗauko ƙwayar cuta da aka cire wa dafi, a ɗora mata saƙon halitta ta shigar da shi ciki, fatar ta rikiɗe ta zama jijiya. A nan za su ga abin da ya lalace. Na yi kwaleji, na taɓa leƙa ɓawon albasa a madubin likita na ga ɗakunansa a jere, saboda haka na gane maganarta. Sai na tambaye ta:

"Za ta warke?"

"Ban yi miki alkawari ba. Wataƙila sai 'ya'yan wasu."

A gidanmu ba a barin ko farce a ƙasa. Gashin askin suna, cibiya, haƙorin da ya faɗi, duk tona rami muke mu rufe, don abin da ya fita daga jikin ɗan Adam amana ne. Surukata, wadda fari ya koro daga Droum zuwa wajenmu, ta saurare ni tana tsince tafasa a faifai.

"Wato fata za su riƙa ba abinci, a shekarar da masu fatar ba su samu ba?" Ta yi 'yar dariya, sai kuma ta ajiye faifan. "To in Allah ya karɓi abarsa, wa zai rufe wancan guntun? Rabi a kabari, rabi a faranti?"

Maigidana ya ce ni na yi boko, ni zan yanke shawara. Da na koma na yi wa likitar tambayar surukata, ta ce ana iya daskarar da shi, a tashe shi bayan shekaru. Ta faɗa ne don ta kwantar mini da hankali. Ni kuwa sai na hango 'yata ba ta duniya, wani abu nata yana motsi a hannun mutanen da ba su san fuskarta ba. Na yi istihara, ban ga komai ba sai fuskar wanta.

Yarinyar ce ta same ni a madafa, ta jawo jiki ta jingina da turmi.

"Mama, da zafi?"

"Kaɗan, aka ce."

"To ki bar su. Ko ba ni ba, ƙanwata ba za ta yi rarrafe ba."

Ƙanwar tana bayana a goye, tana barci. Ban taɓa yarda na yi wannan tunanin a fili ba.

Ni na riƙe hannun. Aka yi mata allura, aka yanka, ba ta yi kuka ba. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Likitar ta sa guntun a 'yar kwalba, ta rufe a akwatin sanyi, ta miƙa wa direba. Na tsaya a ƙofa da yarinyar a kafaɗata har motar ta sha kwana. Muna isa gida na sauke ƙanwar daga bayana, na tsayar da ita a tsakar gida, na ja da baya na ce ta taho, ina kallon ƙafafunta.