Minti Ukun Baba

Mahaifina ya yi ƙuruciyarsa a ɗakin haɗa waya na gwamnati a Kano, zamanin da ba ka kiran wani gari sai ta hannun ma'aikaci. Ka je ofis da safe, ka cika takarda, ka biya kuɗin minti uku, ka zauna a benci. In an yi sa'a layi ya buɗe kafin azahar, a kira ka, ka shiga ɗan akwatin katako ka yi magana. Aikin Baba shi ne ya soka igiya a ramin garin da kake nema, ya ƙura wa agogo ido, in lokaci ya yi ya faɗo tsakiyar zancenka ya ce, "Minti uku ya cika, za ka ƙara?" Wanda ya tsallaka ko da sakan ɗaya ne, sai ya biya wasu ukun cur. Ma'aikatar ta daɗe da mutuwa, amma har yau ba wanda ya kawo wa Baba takardar soke dokar.

Da na zo Dubai karatu sai ya yanka min ranar Juma'a. In ya sauko daga masallaci ya ci abinci, ƙarfe uku a can, shida a nan, zai kira da 'yar wayarsa mai maɓalli, agogon hannu a kan gwiwarsa. Na yi masa bayani cewa yanzu da sakan ake caji, kuma akwai manhajar da hukumar nan ta amince da ita, in biya wata guda mu yi ta hira har mu gaji. Ya ce maganar da ba ta da iyaka ta 'yan zaman kashe wando ce.

Sai dai Baba ba ya rage gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, ya karatu, ya zafi, ya mutanen gidan. Ni ma dole in tambayi Umma, da yayyena ɗaya bayan ɗaya, da maƙwabta, da ƙafar limamin unguwarmu. Na auna makonni da dama, na rubuta a bayan littafina: gaisuwa tana cin minti biyu da sakan arba'in. A sakan ashirin ɗin da suka rage zai ce, "Injiniya, akwai wani abu?" In ce babu. Ya ce, "Madalla. Minti uku ya cika. Allah ya yi albarka." Ƙit.

Akwai wani abu kuwa. Baba ya sayar da filin da ya saya da kuɗin sallamarsa don in karanta injiniyancin sadarwa. Na yi shekara ɗaya, na ci jarrabawa ba tare da na so ko darasi guda ba, na lallaɓa na koma sashen tarihi. Kuɗin makarantar kusan ɗaya ne, don haka ba wanda ya lura. Binciken kammala karatuna kuma a kan dokoki da farashin wayar gwamnati ta farko ne, a nan bakin Tekun Fasha da can gida. Na kan wuni a laburare ina karanta tsofaffin sanarwa, amma ba takardar da ta kai Baba sani. Sai na fara saka tambaya guda a sakan ashirin ɗin nan. Wa ake fara haɗawa, jami'in gwamnati ko ɗan kasuwa? In mutum ya yi zagi a layi, me ake yi masa? Baba ya ji daɗi sosai. Ya ce injiniyan kirki sai ya san tushe. Ni kuma in rubuta amsar a ƙarƙashin "hira da wani tsohon ma'aikaci".

Saura wata biyu a ba mu takardar shaida, Umma ta gaya min Baba ya kafa ƙusa a bangon falo, kusa da takardarsa ta ritaya.

A unguwar Al Warsan nake zaune, a filat ɗin wani Alhaji abokin kawuna, mai tura kaya Kano ta tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Shi yana iya awa guda a waya kan katan biyu na takalma. Ya san zancena tun farko.

"Malam na littafi, ka faɗa masa kawai, khalas, shi ke nan," in ji shi. "Uba ne, ba kwastan ba."

"Ba wuri, Alhaji. Sakan ashirin ne."

"To kai ka kira shi mana, ranar Talata."

"In ya ga kirana ba ranar Juma'a ba, zai ɗauka rasuwa aka yi. A zamaninsu ba a kiran gaggawa sai don ita."

"Ku gidanku har waya sai da alwala."

Na zauna na rubuta jawabin da zan yi wa Baba. Na farko ya kai minti ɗaya da rabi. Na cire dalilai, na cire sunan sashen, na cire "don Allah ka yi haƙuri" guda biyu cikin uku. Na dinga karantawa a matattakalar bene ina aunawa, har ya dawo sakan sha takwas: na bar injiniyanci, kuma amsoshinsa nake sakawa a bincikena. Alhaji ya saurara, ya ce wannan ai talgiram ne.

Ranar Juma'ar, ƙafar liman ta tashi. An kai shi asibiti, an dawo da shi, kuma Baba ya ga ya kamata in ji duka. Lokacin da ya ce, "Injiniya, akwai wani abu?" saura sakan tara. Na ce akwai, na karanta takardar kamar yadda na rubuta, ban tsallake kalma ba. Da na gama, fuskar wayar tana nuna minti uku da sakan sha ɗaya. Ina jin rediyon Umma daga tsakar gida.

"Ka tsallaka," in ji Baba.

"Na'am, Baba."

"To an riga an biya shida. Ina jin ka."

Ban tanadi komai ba. Na juya takardar, bayanta fari fat.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu da rabi."

"Alhaji ya sani?"

"Ya sani."

"Filin nan an yi bene a kansa yanzu. Ta nan nake wucewa in zan je karɓar fansho."

Muka yi shiru a kan farashin ƙasa da ƙasa, ni a bakin gado, shi a tabarmarsa, kusan minti biyu. Ban taɓa sanin Baba ya biya kuɗin shiru ba. Da lokaci ya yi ya ce, "Minti shida ya cika." Bai sa albarka ba.

Makon nan na je laburare kullum, ban karanta shafi ɗaya ba. Alhaji ya ce zai kira ya ba shi haƙuri, na roƙe shi ya bari. Juma'a ta zagayo, na ajiye wayar a kan tebur tun biyar da rabi. Shida ta yi, ta wuce. Mutumin da bai taɓa makara da minti ɗaya ba. Shida da minti ashirin da biyu ta yi ƙara.

"Malam," ya ce, "ina wuni."

Gaisuwar ba ta kai minti guda ba. Bai taɓo ƙafar liman ba, ni ma ban tambaya ba.

"Kana da biro a kusa? Abin da na gaya maka kwanaki game da kiran gaggawa bai cika ba. Na ɗauka hira muke yi. In rubutawa za a yi, a rubuta daidai."

Ya fara jero min yadda ake rubuta lokacin da mutum ya nemi layi da lokacin da aka haɗa shi, da ɗan kuɗin nema da ake karɓa in an kira ba a samu mai gidan ba. Ina ta rubutawa. Yana tsakiyar bayanin layin da ya yanke da laifin ofis sai ya tsaya. Na san agogo yake dubawa.

"Minti uku ya cika. Za ka ƙara?"

"Zan ƙara, Baba."

"Ai ka saba," in ji shi. "Ba kai kake biya ba."

Ya ci gaba daga inda ya tsaya. Albarkar kuwa sai da aka yi Juma'a huɗu sannan ta dawo. Na rubuta ranar a bayan littafina, ƙarƙashin lissafin gaisuwa.