Ƙofa a cikin ruwa

A ajinmu na yaƙi da jahilci a Gadarif akwai kalanda a bango, kyautar masu sayen riɗi. Hotonta wata jar ƙofa ce ta katako tsaye cikin teku, babu katanga, ƙananan jiragen masunta kewaye da ita.

Na ce wa ustaz ɗinmu, "Allah sarki, ruwa ya cinye musu gida, ƙofar kawai ta rage."

Ya yi dariya, ya duba wayarsa. Ya ce a Japan ne, ƙofar wurin bautar wasu masunta ce, haka suka kafa ta da gangan. Ɗakin bautar yana kan tudu, na katako da ciyawa. Wanda ya tsira daga teku yakan zana jirginsa a allo ya rataye a ciki. In ginin ya tsufa sai su sake shi yadda yake, don kada hannun yara ya manta aikin.

Addininsu daban, namu daban. Amma maganar ta bi ni har gida.

Kakanmu masunci ne daga Yawuri. Ya taso da niyyar hajji, ƙafa ta ajiye shi a Doka, nan yankin Gadarif, inda babu kogi. Ya gina ɗakin ciyawa, ya rataye komarsa da goran da yake hawa a ruwa. A damanar nan rufin ya fara yoyo, yayana ya yanke shawarar rushe shi ya kafa rumfar kwano.

"Yaya, a bar min shi in sake rufin."

"Kai da ko kifin gwangwani ba ka iya buɗewa? Yallah, ajin nan zai haukata ka."

Na ce, "Ka iya ɗaurin tanka irin na Kaka?"

Bai iya ba. Ni ma rabi na iya. Innarmu ce kaɗai ta sani, idonta kuma ya yi rauni.

Bayan girbin dawa muka zaunar da ita a inuwa. Tana shafa igiya da yatsa, tana cewa a kwance, ba haka ba. 'Yata ta fi mu saurin kamawa. Da la'asar sai ga Yaya da damin ciyawa a ka, ya hau tsani.

Da muka gama na zana kwalekwale a guntun allo, na rataye kusa da goran. Yaya ya dube shi ya ce ya fi kama da takalmi. Bai sauke shi ba.